Masallaci da coci a unguwa ɗaya: ta yaya za mu haɗa rabon abinci ba tare da zargin juna ba?

Ɗan Barnawa ya rubuta:

Assalamu alaikum, barkanmu da war haka, 'yan'uwa Musulmi da Kirista. Ina neman shawara a kan wani al'amari da ya taso a unguwarmu, kuma zan fi son jin ta bakin waɗanda suka taɓa sa hannu a irinsa.

Ni ne nake riƙe da littafin kwamitin wani ƙaramin masallaci na khamsu salawati a yankin Barnawa, cikin garin Kaduna. Duk azumi mukan tara abin da ya sawwaƙa, mata su dama kunu su soya ƙosai, wata rana a dafa shinkafa da wake, a raba wa masu buɗe baki. A bayan layinmu akwai coci, su ma duk Kirsimeti sukan raba shinkafa da man girki ga matan da mazansu suka rasu da marayu. Kowa yana nasa, ana gaisawa a hanya, ba a wuce nan ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, masu zuwa neman taimako suka ninka, har ya kai a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, buhun shinkafa kuma ya fi ƙarfin sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Magidantan da a da su ne masu bayarwa, yanzu su ne suke tsayawa bayan sallar isha'i har kowa ya watse, sannan su matso kusa da liman su yi magana ƙasa-ƙasa.

A 2025 da kuma 2026 azuminmu ya haɗu da azumin Kirista na kwana arba'in, kuma a wannan haɗuwar ce wasu dattawan cocin suka zo wurin limaminmu da shawarar cewa maimakon kowa ya riƙa raba nasa a lokacin bikinsa, a haɗa ma'aji ɗaya na hatsi, a riƙa taimakon duk wani mabuƙaci na unguwar ba tare da duba inda yake ibada ba. Liman ya ji daɗin maganar, amma da aka kawo ta gaban jama'a sai kawuna suka rabu. Wasu sun ce zakka ba ta halatta ga wanda ba Musulmi ba, saboda haka maganar ta mutu tun daga tushe. Wasu sun ce abinci hanya ce ta jan ra'ayin talaka, yau a ba shi masara, gobe a kira shi coci. Daga baya na sami labarin cewa a can ma akwai masu irin wannan fargabar game da mu. Ban ga laifin kowa ba, domin duk wanda ya ga rikice-rikicen addini da suka faru a garin nan a 2000 da 2002 da 2011 yana da dalilin yin taka-tsantsan.

Tambayata ita ce, shin akwai hanyar da za a bi a yi wannan aiki ba tare da an taɓa hukuncin addinin kowa ba? Dafaffen abinci ya fi dacewa ko tsabar hatsi? Wa zai tantance mabuƙata, kuma a ina za a yi rabon? Allah ya ba da ikon amsawa.

Almajirin Malam, daga Tudun Wada, ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Ɗan Barnawa, Allah ya saka muku da alheri. Masu maganar zakka suna da gaskiya a wuri guda, amma sun shimfiɗa hukuncin zuwa inda bai kai ba.

Zakkar farilla tana da masu cinta guda takwas waɗanda aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa, kuma mafi yawan malamai, har da na mazhabarmu ta Malikiyya, sun tafi a kan cewa kason faƙirai da miskinai na Musulmi ne. Hujjarsu ita ce umarnin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bai wa Mu'azu ɗan Jabal lokacin da ya aike shi Yaman, cewa a karɓa daga mawadatansu a mayar wa matalautansu. Wani zai ce ai akwai kason waɗanda ake lallashin zukatansu. Akwai shi, amma wannan al'amari ne na shugaba, ba na kwamitin masallacin unguwa ba, kuma idan kuka shiga ta wannan ƙofar kun tabbatar da ainihin abin da maƙwabtanku suke tsoro, wato a mayar da abinci ƙugiyar jan mutum zuwa addini. Zakkar fidda kai ma haka take a wurin jumhur, ko da yake an ruwaito cewa Imamu Abu Hanifa ya sassauta a kanta. Saboda haka ku bar zakka a littafinta daban, ta tafi ga masu ita.

Sadakar ganin dama kuwa filinta yana da faɗi ƙwarai. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta bayyana cewa Allah bai hana mu kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, kuma ba su fitar da mu daga gidajenmu ba. Aya ta 8 a Suratul Insan ta yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme, malaman tafsiri da dama kuma sun lura cewa kamammun wancan zamanin ba Musulmi ba ne. Asma'u 'yar Abubakar ta tambayi Annabi game da mahaifiyarta wadda ta zo mata tana kan shirka, ya ce ta sadar da zumuncinta. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa an yanka akuya a gidan Abdullahi ɗan Amr, da ya dawo sai ya riƙa tambayar iyalinsa ko sun aika wa maƙwabcinsu Bayahude, yana kafa hujja da wasiyyar da Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi game da maƙwabci. Ban san wani malami abin dogaro da ya ce haƙƙin maƙwabtaka yana faɗuwa saboda bambancin addini ba.

Ta fuskar karɓa ma babu ƙunci. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ma'abota Littafi, ta kuma halatta musu namu. Annabi ya karɓi kyautar Muƙauƙis mai mulkin Masar, wanda Kirista ne, kuma ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Wanda ya ce Musulmi mai jin yunwa ba zai ci masarar da ta fito daga gonar Kirista ba, sai ya kawo dalili, kuma a kasuwa ma ba ya tambayar addinin wanda ya noma ta.

Wurare biyu ne nake ganin za ku iya samun gardama ta gaskiya. Na farko shi ne yanka, kuma maganinsa mai sauƙi ne, domin idan za a sa nama a bar mahauci Musulmi ya yanka, dama galibin naman da kowa yake saye a kasuwannin garin nan daga hannunsu yake fitowa. Na biyu shi ne abincin da aka dafa takanas domin ranar bikin addini, wanda malamanmu suka yi saɓani a kansa, wasu suka halatta, wasu suka ƙi. Kada ku ɗora wa kwamitinku nauyin warware saɓanin da ya girme ku. Ku sa ranar rabonku a ranar da ba Sallah ba, ba Kirsimeti ba, ba Ista ba, sai mai wannan ra'ayin da mai wancan duk su samu wurin tsayawa. Allah ne mafi sani.

Maman Tagwaye, daga Sabon Tasha, ta amsa:

Salama a gare ku duka. Malam, na gode da wannan bayani, domin ya warware mini abin da na daɗe ina ji a bakin maƙwabta ba tare da na fahimci tushensa ba. Ni 'yar zumuntar mata ce a ikilisiyarmu, kuma na daɗe a cikin masu kai ziyara gidajen gwauraye, wato matan da mazansu suka rasu, da marasa lafiya, saboda haka zan yi magana a kan abin da idona ya gani.

A wurinmu ma ba kowane kuɗi ake taɓawa ba. Ushiri da baikon ranar Lahadi, wato kuɗin da masu ibada suke bayarwa a coci, suna da inda majalisar dattawa take kai su, kuma ba za a kwashe su a zuba a ma'ajin unguwa ba tare da an sha tambayoyi ba. Amma a lokacin godiyar kaka mutane sukan kawo masara da dawa da doya da wake har gaban majami'a, kuma babu abin da ya hana a ware wani kaso daga ciki domin maƙwabta. A Matiyu sura 25, Yesu ya lissafa ciyar da mayunwaci a cikin abubuwan da za a tambayi mutum a ranar shari'a, bai kuma ce a fara tambayar mayunwacin inda yake sujada ba. Abin da na fi so ku lura da shi yana cikin Ayyukan Manzanni sura 6, inda gunaguni na farko da ya tashi a cikin ikilisiyar Urushalima ya kasance a kan rabon abinci, domin masu jin Helenanci, wato harshen Girka, sun yi ƙorafin cewa ana tsallake gwaurayensu. Waɗannan fa mutanen bangaskiya ɗaya ne. Manzanni ba su tsaya musu ba, sai suka ce jama'a su zaɓi mutum bakwai amintattu su riƙe aikin. Idan 'yan ɗaki ɗaya sun yi zargin son kai a kan rabo, to ku sa a ranku cewa naku zargin yana nan tafe, ku shirya masa tun kafin ya iso.

Game da tsoron jan ra'ayi, gaskiya ne muna da shi kamar yadda kuke da shi, musamman a kan 'yan matanmu da yaran da iyayensu ba su da ƙarfi. Maganinsa shi ne a rubuta doka tun ranar farko cewa babu wa'azi a wurin rabo, babu raba ƙasida, babu rubuta sunan coci ko masallaci a jikin leda, kuma ba a ce wa kowa ya zo wurin ibada ya karɓa. Na ƙara da cewa babu ɗaukar hoton mai karɓa. Kowa a garin nan ya san Fasto Yohanna Buru na nan Sabon Tasha, wanda ya shekara da shekaru yana kai wa Musulmi mabuƙata hatsi a lokacin azumi, Musulmi kuma suna zuwa cocinsa a ranar Kirsimeti, haka kuma an san Hajiya Ramatu Tijjani da kai wa gwaurayen Kirista kayan abinci. Akwai masu cewa abin nasu ya cika shiga jarida. Ni a ganina shigarsa jarida ta yi amfani, domin ta nuna wa mutanen da ba su taɓa tsammani ba cewa abin yana yiwuwa. Amma aikin unguwa daban ne, saboda wadda za ku ɗauka a hoto tana riƙe da ƙullin masara maƙwabciyarku ce, gobe za ta haɗu da surukarta a wurin biki.

A kan tantance mabuƙata, ina roƙonku kada maza su zauna su kaɗai su rubuta sunaye. Liman da fasto sun san wanda ya zo ya faɗa musu, amma mai tsananin buƙata sau da yawa ba ya zuwa. Mu mata mun fi sanin gidan da hayaƙi ya daina tashi. Ku tambayi mai injin niƙa na layinku, zai gaya muku gidan da a da ake kawo niƙan kwano biyu, yanzu yarinya take zuwa da ɗan abin da bai cika gwangwani uku ba a ƙasan roba, da gidan da ya daina aikowa gaba ɗaya. Ku tambayi mai shagon da yake riƙe da littafin bashi. Sannan mace biyu, ɗaya daga Islamiyyar matan aure, ɗaya daga zumuntar mata, su shiga gidan tare, domin akwai gidan kulle da namiji ba zai shiga ba, akwai kuma gwauruwar da ba za ta buɗe cikinta a gaban dattawan cocinta ba.

Abu na ƙarshe, don Allah kada ku yi shelar rana da wuri ku tara jama'a. A watan Disambar 2024, cikin 'yan kwanaki kaɗan, mutane da dama sun mutu a turmutsutsun rabon abinci a Ibadan da Okija da kuma wata majami'ar Katolika a Maitama ta Abuja, yawancin na Ibadan kuma yara ne. Kafin nan, a watan Maris na shekarar, an rasa rayuka a Bauchi wajen rabon zakka. Masu bayarwar dukkansu da kyakkyawar niyya suka fito. Ku kai wa mutum har gida, da yamma, a cikin buhun da ba ya nuna abin da ke ciki.

Mai Awo, daga Bakin Dogo, ya amsa:

Ni ba malami ba ne, sana'ata awon hatsi, kuma a nan zan tsaya. Abin da na ga ba a taɓo ba shi ne lokaci. Azumi a 'yan shekarun nan yana faɗowa a watan Fabrairu da Maris, Kirsimeti kuma kullum a Disamba take, wato duka biyun suna zuwa ne bayan kaka, lokacin da hatsi yake da sauƙi kuma ko talaka yana da ɗan abin da ya rage a ɗaki. Yunwa ta gaskiya tana shigowa ne daga watan Yuni zuwa Agusta, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, manomi ya zuba abin hannunsa a taki. A wannan tsakanin babu bikin da yake tuna wa masu hali da talaka, in ban da naman layya idan Babbar Sallah ta faɗo kusa. Idan haɗin kanku zai yi wani amfani da kowannenku bai iya yi shi kaɗai ba, to shi ne ku tara a lokacin da zukata suke da laushi, ku raba a lokacin da ciki yake da yunwa.

Ku sayi tsaba, kada ku sayi gari, domin gari ba ya jimawa. Masara da dawa da wake sun fi shinkafa albarka a kan kuɗi ɗaya, kuma su ne abin da gidajenmu suka saba tuƙawa. Wanda zai saya muku ya tafi kasuwannin da hatsin yake fitowa, irin su Saminaka da Giwa, a watan Nuwamba ko Disamba, ya caka buhu ya duba da idonsa, ya ciji ƙwayar ya ji ta bushe. Hatsin da bai bushe ba zai yi fumfuna, kuma masara mai fumfuna cuta ce. Wake kuwa ƙwari ne abokan gabarsa. Kada ku yarda a zuba masa maganin feshi, abin da wasu marasa tsoron Allah suke yi ke nan har a ci a kwanta asibiti. Ku nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, ƙwaron da ke ciki zai mutu da kansa saboda rashin iska. A ɗora buhunan a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango, a kuma yi maganin ɓera.

Zan faɗi gaskiya a kan abu ɗaya, ba kullum ne sayen kaka yake zama riba ba. A 2025 farashin masara ya faɗi maimakon ya tashi, waɗanda suka ɓoye domin riba da yawa sun yi kuka. Amma ku ba riba kuke nema ba, abin da kuke so shi ne ranar da aka zo da maganar wani gida a watan Yuli a samu abin aunawa a ƙasa, ba sai an bi mutane da kokon bara ba.

Ɗakin ajiyar a sa masa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun mutumin masallaci, ɗaya a hannun mutumin coci, yadda ba mai buɗewa sai ɗayan yana tsaye. A auna da kwano ɗaya tak, a yi masa alama, domin kwano kwano ne a baki amma a hannun mai awo ba haka ba ne. Duk abin da ya shiga da abin da ya fita a rubuta, a karanta jimillar a masallaci ranar Juma'a, a karanta a coci ranar Lahadi, ba tare da sunan kowa ba.

Tsohon Masaƙi, daga Kakuri, ya amsa:

'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma kowa ya yi magana mai ma'ana, amma akwai inda ban gamsu ba. Kun tsara yadda hatsi zai fita daga wannan hannu ya shiga wancan cikin dare, babu wanda ya ga wani, babu wanda ya zauna da wani. Wannan zai kashe yunwa, ban musa ba. Sai dai Ɗan Barnawa bai ce yunwa kaɗai ce damuwarsu ba, ya ce mutanensa da mutanen cocin suna tsoron juna, kuma buhun da aka ajiye a ƙofar gida da magariba ba zai cire wannan ba.

Na yi ƙuruciyata a masaƙun Kakuri. Masaƙar KTL (Kaduna Textiles Limited) ta fara aiki a 1957, daga baya masaƙun Arewa Textiles da UNTL (United Nigerian Textiles Limited) da sauransu suka biyo, kuma dubban mutane daga kowane lungu na Arewa da ma Kudu suka taru a nan. Idan aka busa tashi cin abinci, Bakatsine da Bajju da Tibi da Banufe kan zauna a benci ɗaya a wurin mai tuwo ɗaya, wanda albashinsa ya ƙare a ci da shi, wata mai zuwa shi ma ya ciyar. Ba wanda ya kira wannan da sunan haɗin kan addinai, cin abinci ne kawai. Ranar Sallah yarana sukan gaji da kai kwanuka gidajen maƙwabta Kirista, ranar Kirsimeti kuma kwanukan su dawo da shinkafa da kaza, kuma maƙwabcina da kansa yakan kawo mini kazar in yanka tun da safe domin kada a samu abin cewa. Bayan rikicin Shari'a na 2000 mutane suka kwashe kayansu, Musulmi suka haura arewacin kogin Kaduna, Kirista suka gangara kudu. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007, benci ya watse. Yau akwai saurayi a Rigasa da bai taɓa cin abinci a gidan Kirista ba, akwai kuma sa'ansa a Gonin Gora da bai taɓa shiga zauren Musulmi ba, kuma su ne ake fara kira idan an tashi ɓarna.

Ina girmama Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka yaƙi juna a zamanin rikicin Zangon Kataf na 1992, Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, sannan suka dawo suka kafa cibiyar sulhu tare a 1995. Da ƙoƙarinsu ne shugabannin addini 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a watan Agustan 2002, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi. Wata uku bayan nan rikicin gasar sarauniyar kyau ya ɓarke. Ban faɗi haka don in rage darajar aikinsu ba, na faɗa ne domin sa hannun manya ba ya isa layin da matasa ba su san sunan juna ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Shawarata ita ce ku ɓoye mai karɓa kamar yadda Maman Tagwaye ta ce, amma ku bayyana masu aiki. Ranar da mota ta kawo hatsi, samarin masallaci da samarin coci su sauke tare. Ranar awo su auna tare, su ɗaure tare, su fita bibbiyu, ɗaya daga nan ɗaya daga can. Idan an gama, matan ɓangarorin biyu su dafa dafa-duka a tukunya ɗaya a tsakar gidan mai unguwa, a zuba a faranti, waɗanda suka yi gumi tare su sa hannu tare. Wannan ba abincin biki ba ne, saboda haka saɓanin da Malam ya ambata bai shafe shi ba, kuma ba sai an gayyaci manyan baƙi ana jawabi ba.

Ku kuma yi hattara da 'yan siyasa, domin zaɓen 2027 yana matsowa. Wani zai aiko da buhu goma da hotonsa a jiki. Idan zai bayar a juye a buhunku, a karɓa a yi masa godiya. Idan ya ce sai da hoton, a mayar masa da kayansa.

Ɗan Barnawa ya sake rubutawa:

Allah ya gafarta Malam, Mama, Alhaji Mai Awo, Baba, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Na karanta wa liman amsoshinku, shi kuma ya zauna da dattawan cocin. An amince zakka za ta zauna a littafinta, abin da za a haɗa shi ne sadakar ganin dama da kason godiyar kaka, kuma mai unguwa ya ba da ɗaki a gidansa domin ajiya. Mutum biyu daga cikin jama'armu har yanzu ba su yarda ba, liman kuma ya ce kada a matsa musu, su ci gaba da ba da nasu ta hanyar da suka saba.

Wata matsala ce ta ɓullo wadda ban yi tunaninta ba sai da mata suka fara zagayawa. A cikin kangaye da gidajen da ba a gama ginawa ba a bakin unguwar akwai iyalai da suka gudo daga ƙauyukan Chikun da Kajuru da Birnin Gwari saboda 'yan bindiga, Musulmi da Kirista, kuma ba sa cikin littafin masallaci ko na coci, domin ba su daɗe ba kuma wasunsu ba sa son a san inda suke. Matan sun ce halin da yaransu suke ciki ya fi na kowa tsanani, har akwai masu alamar tamowa. Wasu 'yan kwamiti suna ganin a fara da 'yan unguwa waɗanda aka sani, tunda su ne suka tara, wasu kuma suna ganin a fara da wanda ya fi buƙata ko da jiya ya zo. Abin da muke sa ran tarawa ba zai ishi duka biyun ba. Mama, a wurinku yaya kuke yi da baƙin da ba su da mai tsaya musu, kuma yaran da suka rame haka hatsi zai wadatar da su, ko asibiti ya kamata mu fara kai su?